Inshorar mota a iyakar Bagudo da Benin: Wa zai biya idan an yi hatsari?

Tun daga ranar 1 ga watan Fabrairun 2025, lokacin da rundunar 'yan sandan Najeriya ta fara aiwatar da umarnin Sufeto Janar Kayode Egbetokun na tilasta wa masu motoci mallakar takardar inshora, batun inshorar mota ya zama abin tattaunawa a tashoshin mota da shingayen bincike a sassa daban-daban na ƙasar.

A ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, batun yana da wata fuska ta daban. Direban da ya tashi daga Bagudo ko Ka'oje ko Illo, ya bi ta Tsamiya ya nufi Segbana, cikin 'yan sa'o'i zai tsinci kansa a ƙarƙashin wata dokar da wani kuɗin da wani harshen hukuma.

Tambayar da masu motoci suka fi yi ita ce, ko kuɗin inshorar mutum zai ƙaru idan ya nemi kamfani ya biya shi diyyar ɓarnar da motarsa ta yi. Tambaya ce mai ma'ana. To sai dai idan aka bi lissafin sannu a hankali, za a ga cewa asarar da ta fi girma tana wani wajen, wato a ɓarnar da direba ya yi wa dukiyar wani ko lafiyarsa, musamman idan abin ya faru a tsallaken iyaka.

Inshora iri biyu

Akwai manyan nau'o'i biyu na inshorar mota a Najeriya.

Na farko shi ne inshorar dole, wadda ke biyan diyya ga mutumin da motarka ta yi wa ɓarna. Ba ta biyan ko sisin kwabo don gyaran taka motar. Asalinta wata doka ce ta shekarar 1945, tun zamanin mulkin mallaka, kuma dokar inshora ta 2003 ta ƙarfafa ta. A watan Agustan 2025 aka sanar da cewa Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin waɗannan tsofaffin dokoki, amma ta bar wajabcin a yadda yake.

Na biyu shi ne cikakkiyar inshora. Ita wannan ta ƙunshi duk abin da ke cikin inshorar dole, sa'annan ta ƙara da biyan mai mota idan motarsa ta yi hatsari, ko ta ƙone, ko an sace ta. Babu dokar da ta tilasta wa mai ƙaramar mota yin ta, ko da yake bankuna kan gindaya ta a matsayin sharaɗi ga wanda suka ba bashin sayen mota.

A watan Disamban 2022, hukumar kula da kamfanonin inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta fitar da sabon farashi da ya fara aiki ranar 1 ga watan Janairun 2023. Kuɗin inshorar dole na motar gida ya tashi daga naira dubu 5 zuwa naira dubu 15 a shekara, yayin da iyakar abin da kamfani zai biya kan ɓarnar dukiyar wani ta tashi daga naira miliyan 1 zuwa naira miliyan 3.

Manyan motocin dakon kaya an yanka musu naira dubu 100, da iyakar diyyar dukiya ta naira miliyan 5. Keke Napep naira dubu 5 da iyakar miliyan 2, babur kuwa naira dubu 3 da iyakar miliyan 1.

Dangane da cikakkiyar inshora, hukumar ta ce kuɗin da za a biya kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, bayan an cire duk wani rangwame. Ke nan motar da aka ƙiyasta a kan naira miliyan 10, mafi ƙarancin abin da mai ita zai biya shi ne naira dubu 500 a shekara.

Yadda neman diyya ke shafar farashi

Kamfanonin inshora suna da tsarin saka wa direba mai kiyayewa. Wanda ya shekara bai nemi diyya ba, akan yi masa rangwame a lokacin sabunta takardarsa, kuma rangwamen yakan ƙaru shekara bayan shekara. A tsohon jadawalin da kamfanonin Najeriya suka daɗe suna bi, rangwamen motar gida yakan fara daga kashi 20 cikin 100, ya kai rabin kuɗin bayan shekara biyar.

Ranar da mutum ya nemi diyya, wannan rangwame yakan zube, ko kuma a mayar da shi baya. Idan kuma neman ya yawaita, kamfani na iya ƙara masa kuɗi, ko ya ƙi sabunta takardar baki ɗaya.

Sai dai ƙa'idar kashi 5 cikin 100 ta sauya lissafin. Kafin 2023, gasa ta sa kamfanoni da dama suna karya farashi domin jawo masu motoci, abin da ya sa wasunsu ke kasa biyan diyya idan ta taso. Yanzu da aka kafa matakin da ba a sauka ƙasa da shi, wanda tun farko yake biyan kashi 5 ba shi da sauran rangwamen da zai yi asara. Abin da zai iya fuskanta shi ne ƙari a kan wannan mataki.

Akwai kuma wani sharaɗi da masu motoci da yawa ba sa lura da shi sai ranar da abu ya faru. A yawancin takardu, akwai wani kaso na kuɗin gyara da mai mota zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya biya sauran. Saboda haka idan ɓarnar ƙarama ce, kamar fashewar fitila ko lotsewar ƙofa, sau da yawa ya fi wa mutum sauƙi ya kai motar wurin mai gyara ya biya daga aljihunsa, ya bar tarihinsa a wurin kamfani ba tabo.

Haka nan, ba kowane neman diyya ne ke jawo ƙarin kuɗi ba. Idan wani ne ya buge ka, kuma aka tabbatar da laifinsa, kamfaninka zai iya gyara maka mota, daga baya ya bi mai laifin ko kamfaninsa ya karɓo kuɗinsa. Idan ya samu ya karɓo, akasari ba a taɓa rangwamen mai motar. Matsalar ita ce idan mai laifin ba shi da inshora ta gaskiya, kuma ba shi da abin biya. A nan asarar takan tsaya a kan kamfaninka, daga bisani kuma ta bayyana a kuɗin da zai nema daga gare ka.

Faɗuwar darajar naira ta ƙara wani tarko. Bayan da gwamnati ta sake tsarin canjin kuɗi a watan Yunin 2023, dalar Amurka da ake samu a kan ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Farashin motoci da kayan gyara ya bi sahu.

Mai motar da ya ci gaba da sabunta inshorarsa a kan tsohuwar daraja domin ya biya kaɗan, yana iya shan mamaki. Misali, motar da yanzu ta kai naira miliyan 10, amma aka rubuta ta a kan miliyan 6, idan aka sace ta, miliyan 6 ne iyakar abin da za a biya. Idan kuma gyara ne na naira miliyan 2, kamfanin da ke da sharaɗin biya gwargwadon ƙiyasi zai ba da kashi 60 cikin 100 ne kawai, wato miliyan 1 da dubu 200.

Ga mazauna garuruwan bakin kogin Neja kuwa, inda ambaliya ta yi mummunar ɓarna a jihar Kebbi a daminar 2020, yana da kyau a san cewa a takardu da yawa ɓarnar ruwa da ta tarzoma ba sa cikin cikakkiyar inshora, sai an nemi a ƙara su an kuma biya kuɗinsu.

Inda nauyin ya fi yawa

Duk waɗannan asarori suna da iyaka, domin ba za su wuce darajar motar mutum ba. Alhakin ɓarnar da aka yi wa wani kuwa ba ya la'akari da darajar motar da ta yi ɓarnar.

A ɗauka direban wata tsohuwar mota da ba ta wuce naira miliyan 2 ba ya kauce hanya ya afka wa sabuwar jif, aka ƙiyasta gyaranta a kan naira miliyan 8. Kamfanin inshora zai biya miliyan 3 ya tsaya. Sauran miliyan 5 bashi ne a wuyan direban ko mai motar, kuma wanda aka yi wa ɓarnar yana da ikon kai su kotu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mallakar cikakkiyar inshora ba lallai ne ta ɗaga wannan iyaka ba. Sashen da ya shafi dukiyar wani a cikinta yakan tsaya ne a kan adadin da aka rubuta a takardar, sai fa idan mai mota ya nemi a ƙara masa ya kuma biya.

A yanki irin Bagudo, dukiyar wani ba mota kaɗai ba ce. Garken shanun da ke tsallaka hanya, da amalanken da ta ɗauko shinkafa daga fadama, da rumfar mai shayi a bakin titi, duk dukiya ce da doka ta san da ita. Babbar motar da ta ƙwace ta kashe shanu goma sha biyar za ta iya haura iyakar naira miliyan 5 cikin ƙiftawar ido.

Shi ma mai babur, wanda iyakarsa miliyan 1 ce, ba ya bukatar babban hatsari kafin ya wuce ta.

Dangane da rauni ko rasa rai, tsarin Najeriya tun daga dokar 1945 bai yanka wa diyyar iyaka irin ta dukiya ba. Wannan ne ma ainihin dalilin wajabta inshorar, wato kada a bar wanda aka buge ko iyalan wanda ya rasu hannu rabbana, don kawai direban talaka ne.

A zahiri, galibin irin waɗannan rigingimu a arewacin Najeriya ba sa isa ofishin inshora. Akan sasanta ne a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, ko hakimi, ko ofishin 'yan sanda, dangi su yi karo-karo a biya kuɗin asibiti, wani lokacin kuma iyalan mamaci su ce sun yafe. Sulhu alheri ne, amma yana da illa ta fuskar inshora: kusan kowace takarda ta hana mai mota amsa laifi ko yin alkawarin biya ba tare da sanin kamfani ba, kuma ta wajabta sanar da kamfani cikin gaggawa. Wanda ya biya da kansa ya zo daga baya yana neman a mayar masa, yana iya tarar da ƙofa a rufe.

Idan an tsallaka iyaka

Cikakkiyar inshorar da aka saya a Birnin Kebbi ko Sakkwato, a bisa al'ada, tana aiki ne a cikin Najeriya kaɗai, sai idan an nemi a faɗaɗa ta a rubuce. Motar da aka sace a Kandi ko ta kife a hanyar Malanville, mai ita na iya tarar da cewa kuɗin da ya biya ba su bi shi zuwa can ba.

Abin da ke tsallaka iyaka shi ne katin inshora na ƙungiyar ECOWAS, mai launin ruwan ƙasa, wanda masu Ingilishi ke kira Brown Card, masu Faransanci kuma Carte Brune. An kafa tsarin ne da wata yarjejeniya da shugabannin ƙasashen ƙungiyar suka sanya wa hannu a birnin Kwatano a watan Mayun 1982, kuma sakatariyarsa tana birnin Lome na ƙasar Togo.

A sanarwar NAICOM ta 2022, an haɗa kuɗin wannan kati a cikin sabon farashin inshorar dole. Ma'ana, wanda ya sayi takarda ta gaskiya ya riga ya biya, abin da ya rage shi ne ya tabbatar an ba shi shaidar katin kafin ya kama hanya.

Katin yana biyan ɓarnar da direba ya yi wa wani ne kawai a ƙasar da ya ziyarta. Bai shafi gyaran motar mai katin ba.

Yadda tsarin yake shi ne, kowace ƙasa tana da ofishinta na ƙasa. Idan motar Najeriya ta yi hatsari a Benin, jami'an tsaron can ne za su rubuta rahoto. Tun 2018 Benin ta haɗe 'yan sanda da jandarmomi a rundunar da ake kira Police Républicaine. Ofishin katin na Benin shi zai kula da neman diyyar a madadin takwaransa na Najeriya, daga baya a mayar masa da kuɗinsa daga kamfanin da ya ba da takardar.

Dokar da ake bi ita ce ta ƙasar da hatsarin ya faru. Benin tana cikin ƙasashe 14 da ke amfani da kundin inshora na bai ɗaya da ake kira CIMA, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar birnin Yawunde ta 1992. Wannan kundi yana da jadawalin lissafin diyyar rauni da ta mutuwa, wanda aka ɗora a kan mafi ƙarancin albashi na ƙasar, kuma ya fayyace kason da mata da 'ya'ya da iyaye za su samu.

Diyyar kuma da kuɗin CFA ake biyan ta, wanda ke ɗaure da kuɗin Turai na yuro tun 1999. Duk lokacin da naira ta faɗi, nauyin da ke kan direban Najeriya maras inshora yana ƙaruwa ne, ko da adadin CFA ɗin bai sauya ba.

Ba a nan gizo ke saƙa ba kaɗai. Shekara da shekaru, ƙorafin da ake yi kan tsarin katin bai wuce jinkirin biya tsakanin ofisoshin ƙasashe ba, da yawaitar katunan jabu, da kuma tsare direbobi da motocinsu bayan hatsari duk da cewa suna riƙe da katin. Ga ɗan kasuwar da ya ɗauko albasa ko tumatir, kwana uku a tsare ya isa ya cinye jarin.

Su ma motocin Benin da ke shigowa kasuwannin Bagudo wannan ƙa'ida ce ke kansu. Ɗan Najeriyar da motar Benin ta buge yana da hakkin neman diyya ta hannun ofishin katin na Najeriya, muddin motar tana da kati na gaskiya, kuma an samu rahoton 'yan sanda.

Takardun jabu da motocin da ba su da asali

Babban abin da ke rusa duk wannan tsari shi ne takardar jabu. Shekaru da dama ana sayar wa direbobi takardun inshora a gefen ofisoshin lasisi, masu ɗauke da sunayen kamfanonin da babu su, waɗanda amfaninsu bai wuce a nuna wa jami'i a shinge ba.

Domin magance haka ne ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya, NIA, ta kafa rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake iya duba lambar mota a ga ko takardarta tana da rajista. Takardar da ba ta cikin rumbun, komai kyan hatiminta, babu mai biya a bayanta.

A yankin iyaka akwai ƙarin matsala. Tun daga watan Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a wani yunƙuri na karkatar da cinikin motocin Kwatano zuwa tashoshin jiragen ruwan Najeriya. Daga watan Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin baki ɗaya, kafin a fara buɗe wasunsu a watan Disamban 2020.

Motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya, ba takardar kwastan, lambarta kuma ba ta dace da lambar jikinta ba, da wuya kamfani ya biya diyyarta. Inshora yarjejeniya ce da aka gina a kan faɗin gaskiya, kuma bayanin ƙarya a lokacin sayenta hujja ce ta ƙin biya. Haka abin yake ga wanda ya yi wa motarsa inshorar gida alhali haya yake yi da ita, ko ya ba wanda ba shi da lasisi tuƙi.

Batun addini

Wani dalilin da ke sa jama'a da dama a arewa ke ɗari-ɗari da inshora shi ne fatawar malamai da yawa cewa tsarin da aka saba yana ƙunshe da riba da kuma rashin tabbas.

A 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, kuma a 2016 kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful suka samu lasisi. A wannan tsari, masu shiga suna zuba gudummawa ce a asusu ɗaya domin taimakon wanda asara ta afka wa, idan kuma an samu rara a ƙarshen shekara, akan raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Ke nan a nan ma neman diyya yana da tasiri a aljihun mutum, domin wanda aka biya ba ya cikin rabon.

Masu goyon bayan takaful sukan kafa hujja da hukuncin fiƙihu na kisan kuskure, inda dangin wanda ya yi kisan ke haɗuwa su biya diyya, maimakon a bar shi shi kaɗai da nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Abin da ya rage

Sabuwar dokar 2025 ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanonin da ke inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15, da nufin a samu kamfanoni masu ƙarfin biyan diyya. Ko hakan zai sauya tunanin direbobi, ya dogara ne ga abin da za su gani da idonsu, wato mutumin da suka sani wanda aka buge, aka kuma biya shi ba tare da ya yi ta safa da marwa zuwa Abuja ko Legas ba.

Kafin nan, lissafin mai mota a Bagudo a bayyane yake. Rasa rangwame ko ƙarin kuɗin shekara asara ce da za a iya ƙiyasta ta tun kafin ta zo. Ɓarnar dukiyar wani da ta haura naira miliyan 3, ko rai da aka rasa a hanyar Segbana, tana iya cinye gona da gida.

Don haka tambayoyin da suka kamaci mai mota ya yi wa dillalin inshora kafin ya miƙa kuɗinsa su ne, ko takardar tana cikin rumbun NIID, nawa ne iyakar diyyar dukiyar wani kuma nawa za a ƙara a ɗaga ta, sa'annan wane ɓangare na takardar ne zai ci gaba da aiki bayan an wuce shingen Tsamiya.